Malam Abdullahi na Gwandu, fitilar masu hukunci

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu saurare, darasinmu na yau a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu. Shi ba baƙo ba ne gare mu mutanen Harobanda, domin Lamorde da Sayi duk sun kasance ƙarƙashin tutar Gwandu.

Ya yi karatu wurin yayansa Shehu da Malam Jibrila ɗan Umaru, har ya zama gangaran a fiƙihu da nahawu da tafsiri. Shi ne ya ja rundunar Musulmi a Tafkin Kwatto cikin 1804. Amma da nasara ta samu, sai ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan waɗansu. Abin ya ɓata masa rai, ya fita da niyyar tafiya Makka. Da ya isa Kano, mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake hukunci. A nan ya karantar da tafsiri, ya kuma wallafa Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana wajiban shugaba da na mataimakansa da alƙalansa.

Fiƙihun Malikiyya da ya karantar ya shar'anta wa alƙali ilimi da adalci. Ya daidaita masu husuma wajen zama da saurare, kada ya karɓi toshi, kada ya yanke hukunci yana cikin fushi. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu.

A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Sarauta ba ta raba shi da alƙalami ba, a lokacin ne ya kammala tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu.

Ya 'yan'uwa, hukunci ba na kotu kaɗai ba ne. Mai unguwa da ke raba rigimar fili, da dattijon da ke raba gado, da maigida tsakanin matansa, kowa alƙali ne a inda yake, kuma za a tambaye shi. Wanda bai san hukunci ba ya tambayi malamai kafin ya buɗe baki, domin haƙƙin maraya ba ya faɗuwa don an yi azumi.

Allah Ya jiƙan Malam Abdullahi, Ya karɓi ibadarmu, amin.