Saƙon Tarko a Kafafen Sada Zumunta: Siffofinsa da Matakan Kariya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi saƙonnin yaudara da ake aikawa domin ƙwace shafukan jama'a a kafafen sada zumunta. Ta nuna cewa ƙarfin irin wannan saƙo ba a na'ura yake ba, a cikin sarrafa harshe yake, don haka gane shi aiki ne na karatun ƙwaƙƙwafi.

1.0 Gabatarwa

Sunan da Turawa suka laƙaba wa wannan dabara, wato fishin, ya samo asali ne daga kamun kifi da fatsa, kuma ya bayyana a tsakiyar shekarun 1990 a tsakanin masu satar kalmomin sirri na abokan hulɗar kamfanin AOL a Amurka. A nan an zaɓi a kira shi saƙon tarko, domin maharin ba ya fasa ƙofa. Lallaɓa mai gida yake yi har ya miƙa masa mabuɗi da hannunsa. Abin da ya faru ranar 15 ga Yuli, 2020 ya isa misali. An yaudari wasu ma'aikatan Twitter ta wayar tarho, aka kai hari kan shafuka 130, aka yi amfani da na Barack Obama da Bill Gates wajen damfarar jama'a.

2.0 Siffofin Saƙon Tarko

Siffa ta farko ita ce aron murya. Saƙon kan zo da sunan hukumar Facebook ko Instagram, ɗauke da tambarinta da salon wasiƙar ofis, yana zargin mai shafi da keta haƙƙin mallaka. Wani lokaci kuma muryar ɗan'uwa yake ara. A Nijeriya an san salon da wani zai kira mutum ya ce shi ɗan zauren WhatsApp ne na tsofaffin ɗalibai ko na wata ƙungiya, ya yi gaisuwa irin ta sanayya, sannan ya nemi a karanto masa lambobi shida da aka turo, wai na shiga taro ne. Alhali lambobin na rajistar shafin ne, kuma da zarar an furta su, shafin ya koma hannunsa.

Siffa ta biyu ita ce ƙuntata lokaci. Jimlolin umarni ne suka fi yawa, tare da wa'adi: a danna yanzu, ko a rufe shafi cikin awa 24. Manufar ita ce hana mai karatu tsayawa ya yi shawara. Inda tsoro bai ci ba, sai a gwada kwaɗayi, ta hanyar alƙawarin tallafi ko kyautar data, kuma Bahaushe ya riga ya ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Siffa ta uku tana cikin adireshin da aka liƙa. Akan musanya harafi da mai kama da shi, kamar sifiri a gurbin “o”, ko “rn” a gurbin “m”. Akan kuma jera sunan kamfani a farko domin ɗauke ido, alhali ɓangaren ƙarshe na adireshin, kafin karkatacciyar sanda ta farko, shi ne ke nuna mai gidan na ainihi.

A da, gurɓatacciyar Hausa ko Turanci mai tangarɗa kan tona asirin mayaudari. Yanzu manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira sun rage ƙarfin wannan alama. Ma'aunin da ya rage shi ne abin da saƙon ke nema: duk wanda ya buƙaci kalmar sirri ko lambar tabbatarwa, tarko ne, komai tsabtar nahawunsa.

3.0 Matakin da Ya Dace

Idan saƙo ya tayar da shakku, kada a danna komai a cikinsa. A buɗe manhajar kai tsaye a duba ko gargaɗin yana nan. Idan da sunan sananne ya zo, a kira shi ta lambar da aka saba. Tun kafin haka, ya kamata a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma bambanta kalmar sirrin kowane shafi.

Wanda ya riga ya faɗa tarko, ya gaggauta sauya kalmar sirri, ya fitar da duk na'urorin da bai sani ba. Mai WhatsApp zai sake rajistar lambarsa, wanda hakan ke korar ɓarawon, sai dai idan ɓarawon ya sanya lambar sirri ta mataki na biyu, jiran na iya kaiwa kwana 7. Wajibi ne a sanar da 'yan'uwa nan take, domin su ne za a roƙa kuɗi da sunansa. Ana kuma iya kai ƙara, tunda sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun.

4.0 Kammalawa

Saƙon tarko yana rayuwa ne a kan amana da ladabin amsa kira, waɗanda al'umma ke martabawa. Kunya ce ke hana da yawa tambayar mai kira ko shi wane ne, ita ce kuma ke hana su faɗa bayan an cuce su. Wannan fage ne da manazarta harshe za su iya bayar da gudummawa, ta hanyar tattara irin waɗannan saƙonni na Hausa da daidaita kalmomin faɗakarwa da kowa zai fahimta.