Sanƙarau: Me Ya Sa Likita Yake Auna Sukarin Ruwan Laka?

A nan Damargu mun san lokacin sanƙarau. Daga hunturu yake farawa, ya tsananta da bazara, sai ruwan sama ya sauka yake lafawa. A 1996 ya kashe dubban mutane a Afirka ta Yamma. A ƙarshen 2022 ya sake ɓulla a jihar Damagaram.

Idan an kai yaro asibiti a Tanut ko Balbeji da zazzaɓi, ciwon kai da sandarewar wuya, likita yakan nemi ɗibar ruwa daga bayansa. Wasu iyaye sukan ƙi, suna tsoron allurar za ta gurgunta ɗansu. To, bari mu bayyana.

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garau, mai kare su. A cikinsa akwai sukari, wanda yake shigowa daga jini. Shi ne abincin ƙwaƙwalwa. Mu kwatanta da awon hatsi: idan sukarin jini tiya 10 ne, na ruwan laka wajen tiya 6 ne ga mai lafiya.

Idan ƙwayoyin sanƙarau suka shiga, su da dakarun jini masu yaƙarsu sukan cinye sukarin. Hanyar shigowarsa ma takan lalace. Sai ya faɗi ƙasa da tiya 4, ruwan kuma ya yi gurɓi. Amma idan ƙananan ƙwayoyin da ake kira bairus ne, yawanci sukarin ba ya raguwa. Maganin cututtukan biyu ba ɗaya ba ne.

Don haka ne ake ɗibar jini a hannu a lokaci guda. Sukarin jini yana hawa yana sauka, musamman ga mai ciwon sukari. Sai an gwada biyun sannan awo ya faɗi gaskiya.

Allurar kuwa a ƙugu ake sa ta, ƙasa da inda laka ta ƙare. Ruwa kaɗan ake ɗiba, jiki kuma yana mayar da shi cikin awoyi. Abin da yake kurmantar da yaro ko ya naƙasa shi, cutar ce idan an yi jinkiri. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya.

Saboda haka, mu kai maras lafiya asibiti ranar da muka ga alama. Ga jariri, mu duba maɗiga ko ta kumbura. Idan likita ya nemi ɗibar ruwan, mu yarda. Ranar rigakafi kuma, kada a bar kowa a gida.