Waƙar da ta mayar da Marc Anthony harshen iyayensa

Salsa kiɗan rawa ne da ya bunƙasa a birnin New York, a hannun 'yan asalin Kuba da Puerto Rico. Ganguna ne da ƙahonin busa, da sauri kamar ana kora. A shekarun 1980 aka sassauta shi, aka riƙa ɗora masa waƙoƙin soyayya, aka kira shi salsa romántica. Dattawan da suka saba da zazzafan kiɗan shekarun 1970 sun raina wannan salo, suna ganin an yi wa salsa ruwa-ruwa.

A wannan yanayi Marc Anthony ya taso. An haife shi a New York a 1968, iyayensa 'yan Puerto Rico ne, amma da Turanci yake waƙa, irin ta gidajen rawa. Ralph Mercado, mai kamfanin faifai na RMM, ya nemi ya yi salsa, ya ƙi.

Rannan yana cikin mota sai rediyo ya sako "Hasta Que Te Conocí", wato "Sai da na san ki", ta mawaƙin Meziko Juan Gabriel, wadda ta fito a 1986. Waƙar koke ce: mutum ne da yake zaune lafiya, bai san baƙin ciki ba, har soyayya ta koya masa shi. Duk wanda aka taɓa yi wa alkawari aka saɓa zai gane ta ko da bai iya Sifaniyanci ba. Ta kama Marc Anthony har ya ji dole ya rera ta, ya kuma amince ya yi ta da kiɗan da ya guje wa.

Ba ƙaramar kasada ba ce. Masoyansa na Turanci za su iya watsewa, ma'abota salsa kuma ba su san shi ba. Sergio George ne ya tsara kiɗan, kuma a ganina nan dabarar take: bai danne muryar da ganguna ba, ya bar ta ta yi kukanta. Faifan, mai suna Otra Nota, ya fito a 1993, har da wata tsohuwar waƙar Turanci ta ƙungiyar Bread a ciki, alamar bai gama sakin wancan ɓangaren ba.

Faifan ya karɓu. A 1995 ya sake fitar da wani na salsa, Todo a Su Tiempo, shi ma tare da Sergio George.