Wasa da Karatu: Abin da Motsa Jiki ke Yi wa Ƙwaƙwalwar Yaro

A garuruwan arewacin Gana, daga Makango da ke bakin tafkin Volta har zuwa Salaga da Yendi da Bawku, iyaye da dama na ɗaukar wasan yara a matsayin kishiyar karatu, ta yadda da zarar jarrabawar BECE ta ƙarato, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, sai a hana yaro ƙwallo, yarinya kuma a raba ta da ampe, wasan nan na tsalle da tafi. Niyyar tana da kyau, sai dai binciken masana ya nuna cewa wannan hani yana tauye wa yaro abin da ake nema masa.

Ƙwaƙwalwa tana rayuwa ne da jinin da zuciya ke tura mata, domin a cikinsa iskar oksijin da sukari suke, kuma idan yaro ya yi gudu zuciyarsa ta ƙara bugawa, jinin da ke isa ga ƙwaƙwalwa yakan ƙaru. Bayan wannan, motsa jiki na sa a ƙara samar da wani sinadari da ake kira BDNF, wanda aikinsa ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ya yi kama da na taki ga shuka, yana raya su, yana kuma ƙarfafa mahaɗar da ke tsakaninsu. Sashen da aka fi ganin wannan tasiri a cikinsa shi ne hifokamfas, wani ɗan ɓangare da ke can ciki wanda ke adana sabon abin da aka koya. A shekarar 1999 Henriette van Praag da abokan aikinta a Cibiyar Salk ta Amurka sun gano cewa ɓerayen da aka ba su damar gudu sun fi na zaune samun sababbin ƙwayoyi a wannan sashe.

Game da yara kuwa, aikin Charles Hillman a Jami'ar Illinois ya fi shahara. A 2009 ya nuna cewa tafiyar minti 20 kacal ta sa yara 'yan shekara 9 zuwa 10 sun fi tattara hankali, sun kuma fi ƙoƙari a gwajin fahimtar karatu, idan aka kwatanta da lokacin da suka zauna ba motsi. A 2014 ya wallafa sakamakon wani gwaji na wata 9 a kan yara 221, inda waɗanda suka riƙa wasannin guje-guje bayan an tashi makaranta suka zarce sauran wajen kame kai daga abin da ke ɗauke hankali da kuma sauyawa daga wani aiki zuwa wani ba tare da ruɗewa ba. Wannan ba ya nufin gudu zai maye gurbin malami ko littafi. Ribar matsakaiciya ce, amma ga yaron da ke haddar allo da asuba, ya wuce boko da hantsi, ya koma Islamiyya da la'asar, kowane ƙarin natsuwa abu ne mai daraja.

Wani zai ce yaran karkara ai ba su rasa motsi ba, tunda suna ɗebo ruwa, suna zuwa gona, suna tafiya mai nisa kafin su isa aji. Akwai gaskiya a maganar, amma wajibi ne a bambanta wasa da wahala. Yaron da ya kwana a kwalekwale yana jan taru a tafkin Volta, inda aikin yara a kamun kifi ya daɗe yana zama abin damuwa duk da cewa Dokar Yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, zai shigo aji ne da gyangyaɗi. Haka ma yarinyar da ta yi sammakon rafi da ƙarancin jini a jikinta, ba ta karya kumallo ba. Motsin da ke gina ƙwaƙwalwa yana buƙatar abinci da barci, shi ya sa shirin ciyar da 'yan makaranta da Gana ta fara a 2005 yake da alaƙa da wannan batu kai tsaye. A Bawku kuma, inda rikicin sarauta ya sha jawo dokar hana fita, tsoro kansa na tsare yara a gida, ya hana su wasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, bayan da wani bincikenta na 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasan duniya ba sa kaiwa haka, kuma 'yan mata ne suka fi koma baya. Manhajar firamare ta Gana ta 2019 ta tanadi darasin motsa jiki, kuma cika shi ba ya buƙatar kuɗi, domin langa da tsallen igiya da ampe fili kawai suke so. Ya kamata shugabannin makarantu su daina ba da lokacin wannan darasi ga ƙarin lissafi, malaman allo su bar almajirai su ɗan zagaya tsakanin zama da zama, iyaye kuma su bar 'ya'yansu mata su yi wasa kamar yadda suke barin maza.