Wa Ke Ɗauke da Alhakin Saƙon da Ya Ɓata a Hanya?

Kamfanonin da ke ba mutane masaukin imel sun fi son su yi talla da adadi guda: sabarmu tana aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci. Idan aka yi lissafi, wannan yana nufin za ta iya mutuwa na kusan awa tara a shekara ba tare da an saɓa alkawari ba. Adadin ba ƙarya ba ne, amma bai auna abin da ya fi damun mai akwati ba. Ƙa'idar aika imel da ake kira SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, an gina ta ne a zamanin da yankewar layi ta zama ruwan dare, saboda haka ta tanadi haƙuri. In sabar mai aikawa ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, sai ta ajiye saƙon ta sake gwadawa can gaba, kuma bugun ƙa'idar na 2008 ya ba da shawarar a ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin a haƙura. Ke nan sabar da ta mutu na awa uku jinkiri kawai take jawowa. Wadda ke ɓatar da saƙo ita ce mai rai, wadda ta ce ta karɓa sannan ta yi shiru da shi.

Don a gane haka sai an san yadda sabobi biyu ke magana. Mai aikawa tana faɗin daga wa saƙon ya fito, ga wa za shi, sannan ta miƙa abin da ke ciki. Mai karɓa tana amsawa da lamba. Lambar da ta fara da 4 na nufin a dawo an jima. Wadda ta fara da 5 na nufin an ƙi, kada a sake, kuma a nan sabar mai aikawa ce za ta sanar da mutuminta cewa saƙonsa bai shiga ba. Lambar 250 kuwa ita ce karɓar amana: daga wannan lokaci mai aikawa za ta cire saƙon daga layinta, alhakin isar da shi ya koma kan mai karɓa. Abin ya yi kama da direban tasha da aka kawo wa saƙo. In ya ce motarsa ta cika, mai kaya zai nemi wata. In ya karɓa ya jefar a hanya, mai kaya na gida yana zaton an kai, mai jira kuma bai ma san an aiko ba.

Da a ce kowane saƙo na kirki ne, da babu wata matsala. Amma tun a watan Mayu na 1978 wani ɗan kasuwa a kamfanin kwamfuta na DEC, Gary Thuerk, ya aika talla ga ɗaruruwan masu amfani da ARPANET, cibiyar kwamfutocin da ta gabaci intanet, ba tare da sun nema ba, kuma da intanet ta buɗe wa kowa a shekarun 1990 sai tarkacen saƙonni suka yi ambaliya. Martani ya zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce duba asalin mai aikawa: Paul Vixie ya fara wallafa jerin adireshin sabobin da suka yi ƙaurin suna a 1997, ƙungiyar Spamhaus ta biyo baya a 1998. Ta biyu ita ce duba abin da ke cikin saƙon, wadda ta samu karɓuwa bayan maƙalar Paul Graham ta 2002 kan ƙirga kalmomi da lissafin yiwuwa. Daga nan sabar imel ta zama mai suna da mutunci, kuma duk wadda tarkace ya yawaita fitowa daga gare ta, har saƙonninta na gaskiya sai a riƙa kallonsu da zargi.

A nan ne tura saƙo gaba ke shiga tsaka mai wuya. A ɗauka wata 'yar kasuwa tana da adireshi da sunan kamfaninta, amma ta ce duk abin da ya shigo a wuce mata da shi akwatinta na Gmail. Masaukinta ya zama ɗan tsakiya, kuma a idon Gmail shi ne mai aikawa. Duk tallan magani da wasiƙar damfara da aka aiko mata, in ya wuce da su, a kansa za a rubuta. Ga kuma matsalar shaida. Tsarin SPF yana ba mai sunan yanki, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshi, damar bayyana sabobin da ya yarda su aika da sunansa, kuma ɗan tsakiya ba ya cikinsu, don haka saƙon banki na gaskiya zai iso Gmail daga sabar da bankin bai sani ba. An ƙirƙiro dabarar SRS, wato ɗan tsakiya ya sauya adireshin mai aikawa da sabobi ke gani, wanda ake kira na kan ambulan, zuwa nasa, amma wannan rabin magani ne, domin tsarin DMARC yana son shaidar ta dace da sunan da mai karatu ke gani a sama. Abin da ya rage shi ne DKIM, sa hannun lissafi da ake liƙa wa saƙon kansa. Shi yana jure tafiya, da sharaɗin kada a taɓa saƙon. Masaukin da ya ƙara layi ɗaya a ƙasa yana cewa ya bincika babu ƙwayar cuta, ya karya sa hannun da hannunsa. A watan Afrilu na 2014 Yahoo ta umarci duniya ta ƙi duk saƙon da ke ɗauke da sunanta in shaidarsa ba ta cika ba, kuma saƙonnin gaskiya masu yawa da suka bi ta hannun 'yan tsakiya suka faɗi. Tsarin ARC da aka wallafa a 2019 yana ba ɗan tsakiya damar shaida cewa saƙon lafiya ya iso masa, sai dai mai karɓa ba dole ne ya gaskata shi ba.

To a ce masaukin ya riga ya amsa da 250, sannan Gmail ta ƙi karɓa. Me zai yi da saƙon? In ya mayar da sanarwar ƙi ga adireshin da ke kan ambulan, galibin masu tarkace da sunan wasu suke aikawa, don haka wanda bai ji ba bai gani ba ne zai samu sanarwar, kuma masaukin da kansa ya koma mai watsa tarkace. In ya goge, watakila takardar kwangila ce ya goge. Duk zaɓin da ya rage bayan 250 mai ɗaci ne, shi ya sa hukuncin ya kamata a yanke shi tun a bakin ƙofa, yayin da sabar mai aikawa ke kan layi. Saƙon da masauki ba zai yarda ya wuce da shi ba, ya ƙi shi nan take da lamba 5. Mai tarkace ba zai damu ba, mutumin kirki kuwa zai samu sanarwa cikin mintuna ya ɗauki waya.

Wani zai ce ai Gmail ta fi ƙaramin masauki iya tacewa nesa ba kusa ba, don me ba zai wuce da komai ya bar mata aikin ba? Rabin maganar gaskiya ne. Amma sabar masaukin ta jama'a ce, dubban akwatuna ke fita ta adireshi guda, kuma in sunanta ya ɓaci saboda tarkacen mutum ɗaya, wasiƙun sauran ma sai su fara makalewa. Wani kuma zai ce ƙin saƙo tsanani ne, gara a jefa shi aljihun tarkace mai shi ya duba. Wannan hujja ta fi ƙarfi, kuma ga saƙon da ake kokwanto a kansa ita ce daidai. Rauninta shi ne mai tura saƙo gaba yawanci ba ya buɗe akwatinsa na asali ko sau ɗaya a wata, kuma Gmail kanta tana share abin da ya kwana 30 a aljihun tarkace. Ajiyar da ba wanda ke dubawa ba ta da bambanci da gogewa, sai in masaukin yana aiko da taƙaitaccen jerin abin da ya riƙe. Akwai kuma masu son dabarar da Evan Harris ya bayyana a 2003, ta cewa baƙuwar saba ta dawo an jima, bisa lura cewa manhajojin tarkace ba su cika dawowa ba. Ta yi amfani a zamaninta, amma yau da ake aiko lambar shiga asusu mai mutuwa cikin 'yan mintuna, jinkirin kansa asara ne.

Hanya ba ta ƙara sauƙi ba. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara sharuɗɗa: kowane mai aikawa sai ya zo da SPF ko DKIM, wanda ke aika kusan saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail sai ya haɗa duka biyun da DMARC, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Saboda haka tambayoyin da ya dace a yi wa masauki ba na kashi nawa sabarsa ke aiki ba ne. A tambaye shi ko yana tacewa kafin ya amsa da 250 ko bayan haka, ko yana barin kwafi a akwatin asali idan an ƙi abin da ya tura, ko yana taɓa jikin saƙo, da kuma ko mai akwati zai iya ganin rajistar abin da ya faru da wasiƙar da ake cewa an aiko ranar Talata. Wanda kuma harkarsa ta dogara da imel, ya fi masa tsaro ya haɗa akwatin asali da manhajar wayarsa ta hanyar ƙa'idar IMAP ya riƙa karantawa kai tsaye, domin a nan saƙon sau ɗaya ake yi masa hukunci.