"Wobble": kalmar Ingilishi ta abin da ke tangal-tangal amma bai faɗi ba

Yau kalma guda muka ɗauko daga Ingilishi, wato "wobble". Ana rubuta ta da b biyu, ana furta ta kamar "wobul". Tana yawan fitowa a kanun labaran jaridun Najeriya, Gana da Ingila, kuma idan aka juya labarin zuwa Hausa aka tura ta WhatsApp, sau da yawa sai ta rikiɗe ta koma "faɗuwa" ko "rushewa". Wanda ya rubuta "the bank is wobbling" bai ce banki ya karye ba. Amma bari saƙon murya ya iso ƙauye da cewa banki ya karye, kun san sauran: hankalin uwa ya tashi, a yi ta kiran yaro a Legas ko Kumasi ana ce masa maza ya kwashe ɗan abin da ya tara.

Mu fara daga teburin mai shayi, wanda ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran. Ka aza kofi ya karkata nan, ka ɗauke ya koma can, sai an cusa ɗan dutse ko guntun kwali a ƙarƙashi sannan ya zauna. To mai jin Ingilishi zai ce "the table wobbles". Haka tayar keke ko ta amalanke da ta lanƙwashe, tana juyawa tana kaɗawa hagu da dama. Haka ɗan maraƙin da aka haifa yanzu yana ƙoƙarin miƙewa, haka jinjiri mai koyon tafiya. Haƙorin yaro da ke girgiɗi lokacin famfara, a Ingila "wobbly tooth" ake ce masa. Abin da ya haɗa su duka shi ne motsi gefe da gefe don abin bai samu daidaito ba, alhali yana nan a tsaye ko a mazauninsa.

Mu a Hausa kowanne da kalmarsa: girgiɗi ga haƙori, tangaɗi ga mai tafiya, tangal-tangal ga abin da ba shi da ƙwari, ga kuma rawa da muke yi wa aiki ko'ina. Sai dai a kula, rawarmu ta fi "wobble" faɗi. Mai rawar ɗari "shiver" yake yi. Mashayin da ke layi a kan titi, an fi cewa "stagger". Girgizar ƙasa kuwa "earthquake" ce. Ɗalibanmu da suka fara Ingilishi tun ajin sizyem, in sun buɗe ƙamus za su tarar da "vaciller" ko "chanceler" na Faransanci, kuma sun yi kusa, musamman ta farkon.

Kalmar na sauya riga kaɗan. Abin da ya wuce "wobbled", wanda ake cikin yi "wobbling". In suna ake so, sai a ce "a wobble", wato tangaɗi sau ɗaya. In siffa ce, "wobbly", mai girgiɗi ke nan. Tsohuwar kalma ce, tun ƙarni na 17 ake rubuta ta, a da ma da harafin a, "wabble".

Akwai wata gada a birnin Landan da ta fi kowane malami iya bayanin wannan kalma. Gadar masu tafiya a ƙasa ce a kan kogin Tames, sunanta na hukuma Millennium. An buɗe ta ga jama'a ranar 10 ga watan Yuni na shekarar 2000. Mutane suka yi dafifi a kanta, sai ta fara lilo gefe da gefe. Abin da ya faru shi ne, da gadar ta ɗan motsa, kowa ya gyara takunsa don kada ya faɗi, sai takun ɗaruruwan mutane ya zo ɗaya kamar na sojoji, wannan kuwa ya ƙara mata kaɗawa. Bayan kwana 2 aka rufe ta. Injiniyoyi suka ɗaura mata na'urorin da ke shanye motsi, ba a sake buɗe ta ba sai watan Fabrairu na 2002. Har gobe mutanen Landan "Wobbly Bridge" suke ce mata, gada mai tangal-tangal. Ba ta taɓa faɗawa ruwa ba, kuma yau ma ana bin ta. Da rushewa ta yi, da wani sunan za su raɗa mata.

Daga kaya sai kalmar ta koma kan mutum. Wanda kuka ke shirin kufce masa, muryarsa na rawa, sai a ce "his voice wobbled". Daga nan ta shiga zuciya. Wanda ya ɗauki niyya sai kuma gwiwarsa ta fara sanyi, Turawan Ingila kan ce "he had a wobble". Ango ne ana gobe ɗaurin aure ya kama tunane-tunane, ko ɗan ci-rani da ya biya kuɗin mota sai ya ji kamar ya fasa. Bai fasa ba tukuna, ɗari-ɗari ce kawai ta kama shi.

Misalin da ya fi shahara a siyasa ya fito daga bakin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya. Bayan sojojin Saddam Husaini sun mamaye Kuwaiti ranar 2 ga Agustan 1990, ta yi magana ta waya da shugaban Amurka George Bush babba a cikin watan, ta ce masa yanzu ba lokacin yin "wobbly" ba ne. Nufinta kada ya yi sanyin gwiwa. Mai fassarar da ya ce wai ta gargaɗe shi kada mulkinsa ya kife, ya yi nisa da zancen.

Akwai kuma wata da ke ruɗa baƙo a Ingila da Ostareliya: "throw a wobbly". Nan babu tangaɗi ko kaɗan, bori ne da tada jijiyar wuya, irin na yaron da aka hana alewa ko maigidan da aka taɓa masa rediyo. Maganar titi ce, ba ta takarda ba, kuma Ba'amurke ba lalle ya gane ta ba.

Mu dawo ga labarai, inda ta fi shafar aljihunmu. ƴan jarida kan rubuta cewa naira ko sidi na "wobble", ko kasuwar hannun jari, ko gwamnatin haɗin gwiwa. Fassarar da ta dace ita ce tangal-tangal: yau sama gobe ƙasa, ana zaman ɗar-ɗar, amma ba a kai ga faɗuwa ba. In lamarin ya fi haka tsanani, suna da wasu kalmomin. "Teeter" ita ce ta wanda ke bakin rijiya ƙafa ɗaya a waje, shi ya sa kusan kullum za ku gan ta tare da "on the brink", a bakin gaɓa ke nan. "Totter" ta tsohon gini ce ko tsohon mulki da ƙarfinsa ya ƙare. In an ce "topple", an kifar. In an ce "collapse", ya ruguje, sai dai a kwashe ɓaraguzai. A ganinmu ɗan kasuwar Maraɗi da ke canjin sefa da naira ya fi kowa buƙatar sanin wannan bambanci, don tsakanin "wobble" da "collapse" akwai jarin mutum.

Masu son ƙwallo da suka zauna Najeriya sun san "wobbling and fumbling", furucin da ake dangantawa da koci Fanny Amun tun shekarun 1990. Ana faɗarsa ga ƙungiyar da ke wasa ba tsari, da tuntuɓe da lalube, amma tana ci gaba da haye zagaye. Yanzu har gwamnati da kamfani ake jefa wa shi.

Ƴan kabu-kabu kuma ga taku. Idan babur na gudu sai kansa ya kama kaɗawa da ƙarfi hagu da dama har hannu ya kasa riƙe shi, "speed wobble" ake ce wa wannan. Yawanci taya ce ba iska daidai, ko ta cinye, ko wuyan babur ya saki, ko an lafta kaya a baya gaba ya yi sakayau. Wannan kam tangaɗi ne mai kai mutum ƙasa, kada a ce sai gobe za a je wurin makanike.

Ga ƴan uwanmu da ke zuwa asibiti a ƙasashen Ingilishi, ku riƙe wannan. In ƙafafu ne ba ƙarfi, kamar bayan an tashi daga masassara, ku ce "my legs feel wobbly". In kuwa kai ne ke juyawa, jiri ko hajijiya, kalmar ita ce "dizzy". Likita na jin su daban, kuma abin da zai bincika ya danganta da wadda kuka faɗa masa.

Mai wata kalmar da ta shige masa duhu, ta Ingilishi ko ta Faransanci, ya aiko mana ita ta saƙon murya ko ya bar ta a gidan rediyo, za mu duba ta a fili na gaba in Allah ya kai mu.