Kwamfuta da Zanen Hoto: Matsalar Haƙoran Zarto a Bayan Gilashi

1.0 Gabatarwa

Malamin Hausa na wannan zamani ba ya rabuwa da kwamfuta da wayar hannu. Da su yake shirya kayan koyarwa, a kansu kuma ɗalibansa suke karatu da kallon hotuna. Saboda haka mai koyon aikin malanta, a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko a wata kwalejin, yana bukatar sanin yadda hoto yake samuwa a fuskar na'ura, da kalmomin da zai bayyana hakan da Hausa. Wannan babi zai yi bayanin matsalar da aka laƙaba wa suna "haƙoran zarto", da yadda ake magance ta, da dalilin da ya sa take taurin kai a bayan gilashi.

2.0 Asalin Matsalar

An gina fuskar kwamfuta da ƙananan ɗigogi masu kusurwa huɗu da ake kira fiksil, jere sahu-sahu. Fuska mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kuma kowane ɗigo launi ɗaya tak yake nunawa a lokaci guda.

Mai saƙar tabarma ya san irin wannan ƙaidi. Idan adon da zai fitar miƙaƙƙe ne, a tsaye ko a kwance, zai fito sumul. Idan kuwa a karkace yake, tilas ya hau da shi gida-gida kamar matakala. Haka kwamfuta take yi wa layin da ya karkace ko ya lanƙwashe, sai gefensa ya fito da tsini-tsini kamar bakin zarto.

3.0 Gyaran Gefe

A shekarar 1977 wani masani ɗan Amurka, Frank Crow, ya wallafa maƙalar da ta fayyace wannan matsala. Maganinta shi ne gauraya launi. Idan baƙin layi ya rufe rubu'in ɗigo a kan farar shimfiɗa, sai a ba ɗigon launin toka mai haske. Idan ya rufe rabi, sai tokar ta ƙara duhu. Daga nesa ido yakan haɗa su, ya ga gefen sumul. Wannan shi ne gyaran gefe.

Domin gano yawan abin da layi ya rufe, kwamfuta takan ɗauki samfuri a wurare huɗu ko takwas ko goma sha shida cikin ɗigo ɗaya, sannan ta fitar da matsakaicin launinsu. Yin haka a kowane ɗigo aiki ne mai nauyi. Shi ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin tsimi, waɗanda suke yawaita samfuri a gefen abubuwa kawai.

Wannan batu ya shafi rubutun Hausa kai tsaye. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ 'yar lanƙwasa ce da ba ta wuce ɗigo kaɗan idan rubutu ƙanana ne. In ta dushe, ma'ana ta sauya:

baƙi ya koma baki
ƙafa ta koma kafa
ɓari ya koma bari

Kamfanin Microsoft ya bayyana fasahar ClearType a 1998 domin gyara gefen haruffa. Fasahar tana sarrafa sassa uku da ke cikin kowane ɗigo, wato ja da kore da shuɗi, kowanne daban.

4.0 Abin da ke Faruwa a Bayan Gilashi

A ɗauka mai zanen gine-gine ya tsara hoton wani aji da za a gina a Kurfi, mai tagogin gilashi da sandunan ƙarfe a bayansu. Sau da yawa katakon tagar zai fito sumul, amma sandunan da ake hangowa ta cikin gilashin su fito da haƙora. Dalilai uku ne suke jawo haka.

Na farko, wasu hanyoyin tsimi suna gane gefe ne ta hanyar duba abin da gani ya fara cin karo da shi. Idan ɗigo biyu maƙwabta sun faɗa kan abubuwa mabambanta, akwai gefe ke nan. A kan taga kuwa, duk ɗigogin gilashi ɗaya suka fara taɓawa, don haka kwamfuta takan ɗauka babu gefe, ta wadatu da samfuri ɗaya.

Na biyu, haske yakan karkace idan ya ratsa gilashi ko ruwa. Wanda ya tsoma sanda a ruwan madatsar Zobe zai ga kamar ta karye. Ma'aunin wannan karkacewa kusan 1.33 ne a ruwa, kusan 1.5 a gilashi. A kan lanƙwasasshen gilashi, kamar kwalba ko tabarau, ɗigo biyu maƙwabta suna iya hango wurare masu nisa da juna, abin da yake tsananta haƙoran.

Na uku ya shafi hoto mai motsi. Wasu hanyoyin sukan haɗa hoton yanzu da waɗanda suka gabace shi, suna bin motsin kowane abu. Idan motsin gilashin aka bi, mutumin da ya gifta ta bayansa zai bar inuwa tana binsa.

5.0 Hanyoyin Magancewa

(a) Bin sawun haske. A 1980 Turner Whitted, na ɗakunan binciken Bell a Amurka, ya nuna yadda kwamfuta za ta bi haske ya shiga gilashi ya fita. Hotonsa na ƙwallon gilashi a bisa daɓe mai gida-gida ya shahara. Shi bambancin launi ya sa ido a kai: duk ɗigon da launukan kusurwoyinsa suka saɓa, sai a rarraba shi a ƙara samfuri. Ta haka gefen da ke bayan gilashi ba ya ɓuya.

(b) Ajiye bayanin kowane rufi. A 1984 Loren Carpenter ya fito da hanyar da kowane ɗigo yake riƙe jerin abubuwan da suka faɗo cikinsa, na gaba da na baya, sannan a gauraya su bi da bi.

(c) Zana babba a rage. Akan zana hoto ninki biyu a tsawo da faɗi, sannan a mayar da shi girman da ake so. Wannan ce hanya mafi sauƙi, sai dai ta ninka aikin sau huɗu, kuma inda wuta ba ta tsayawa, ƙarin lokaci ƙarin kuɗin man janareta ne.

(d) Raba aiki. Akan zana abin da ke baya shi kaɗai a gyara gefensa, daga bisani a ɗora gilashin. Wannan ya fi dacewa da shimfiɗaɗɗen gilashi irin na taga.

6.0 Kammalawa

An ga cewa haƙoran zarto sun samo asali daga yadda aka gina fuskar kwamfuta, kuma gilashi yana ɓoye wa na'ura gefen da ya kamata ta gyara. Malamin da ya fahimci wannan zai riƙa zaɓen haruffa masu girma da fitacciyar ƙugiya, ya kuma duba hoto da kyau kafin ya kai shi gaban ɗalibai.

Tambayoyi

1. Yi bayanin dangantakar saƙar tabarma da matsalar haƙoran zarto.
2. Kawo dalilai biyu da suke sa matsalar ta tsananta a bayan gilashi.
3. Kawo tagwayen kalmomi biyar waɗanda ƙugiya ce kaɗai ta bambanta ma'anarsu.
4. An yi amfani da "gyaran gefe" da "bin sawun haske" a matsayin sababbin kalmomi. Tattauna dacewarsu, ko ka kawo madadinsu.